Garuruwa Uku, Gwamnoni Uku: Mulki da Kuɗin Magani a Yammacin Zamfara

Matafiyin da ya taso daga Gusau ya nufi Sakkwato zai ratsa ta Talata Mafara, inda hanya ke rabuwa zuwa Bakura da Maradun. Ƙananan hukumomin nan uku maƙwabtan juna ne, kogi ɗaya suke sha, kuma madatsar ruwa ɗaya ce ke shayar da gonakinsu na rani. Akwai wani abu kuma da ya haɗa su wanda ba kasafai ake samun irinsa ba a siyasar Nijeriya. Daga 1999 zuwa 2023 gwamnoni huɗu ne suka mulki jihar Zamfara, uku daga cikinsu 'yan waɗannan garuruwa ne: Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, sai Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. Shekara 20 ke nan cikin 24. Mahmud Aliyu Shinkafi ne kaɗai ya shiga tsakani da wa'adi ɗaya.

Idan da kusanci da mai mulki yana warkar da ciwo, da mutanen wannan yanki sun fi kowa lafiya a Arewa. Sai dai a cikin waɗannan shekaru Zamfara ta ga gubar dalma, ta ga sanƙarau, ta ga korona da kwalara, kuma a kowane karo iyalan marasa lafiya ne suka fi ɗaukar nauyin jinya daga aljihunsu, ko kuma ƙungiyoyin agaji na waje suka ɗauke musu. Tarihin yadda hakan ta kasance tarihi ne na zaɓe da naɗe-naɗen muƙamai, da kuma wata doka da aka rubuta a 1999 wadda har yau ba ta gama isa ƙauye ba.

Bakolori: haɗuwar farko da babbar gwamnati

A tsakiyar shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya yi yawa a hannun gwamnatin soja, aka ba kamfanin Impresit na ƙasar Italiya aikin gina madatsar ruwa a kan kogin Sakkwato a Bakolori. An kammala ta a 1978, da nufin tara ruwa kimanin kubik mita miliyan 450 domin noman rani a filayen Talata Mafara da Bakura da Maradun. Dubban iyalai ne aka tayar daga gidajensu da gonakinsu. Wasu manoman sun yi shekaru ba su yi shuka ba suna jiran a gama baje filaye da haƙa magudanai, diyyar da aka yi musu alkawari kuwa ta zo a makare, ko ta zo a gutsure, ko ba ta zo ba sam.

Da haƙuri ya ƙare, manoma suka tare hanyoyin shiga wurin aikin. A ƙarshen watan Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa na tsohuwar jihar Sakkwato, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka afka wa Birnin Tudu da ƙauyukan da ke kewaye. Hukuma ta ce mutum ashirin da wani abu ne suka mutu. Masu bincike da 'yan adawa na lokacin suka ce adadin ya haura 380.

Wannan labari yana da alaƙa da batun lafiya ta fuska biyu. Ruwan da ke kwance a magudanai duk shekara yana kawo albarkar shinkafa da kayan lambu, yana kuma raya sauro da dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya, don haka yankin noman rani ya fi wasu wurare buƙatar ƙaramin asibiti mai aiki. Fuska ta biyu ita ce amana. Inshorar lafiya ciniki ne da ake biya yau a karɓi kaya gobe. Al'ummar da ta taɓa ba da gona bisa alkawarin gwamnati, aka biya ta da harsashi, ba za a zarge ta ba idan ta yi jinkirin miƙa kuɗinta ga wani asusu da ke Gusau ko Abuja.

Jihar da aka haifa a shekarar annoba

Janar Sani Abacha ya ƙirƙiro jihar Zamfara daga Sakkwato ranar 1 ga Oktoba, 1996. A farkon wannan shekarar ce sanƙarau ya yi ɓarnar da Arewa ba ta manta ba, inda mutum fiye da 100,000 suka kamu, fiye da 11,000 suka rasu. A cikin annobar ne kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan wanda ya ƙunshi yara 200 a Kano, yara 11 suka mutu, aka shafe shekaru ana shari'a.

A watan Mayun 1999, gab da miƙa mulki ga farar hula, gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta fitar da dokar soja mai lamba 35 wadda ta kafa shirin inshorar lafiya na ƙasa, wato NHIS. A watan ne kuma Ahmad Sani ya karɓi rantsuwar zama gwamnan farar hula na farko a Zamfara. Ranar 27 ga Oktoba, 1999 ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, ta fara aiki a watan Janairun 2000, jihohi da dama suka bi sahu. Cikin hukumomin da aka kafa a wancan zamani har da Hukumar Zakka da Waƙafi, wadda ita ce mafi kusa da asusun tallafa wa gajiyayyu da jihar ta samu a shekarunta na farko. Amma zakka da inshora ba aiki ɗaya suke yi ba. Zakka tana isa ga mabuƙaci bayan buƙata ta same shi, gwargwadon abin da aka tara, bisa zaɓin masu rabo. Inshora haƙƙi ce da mutum ke riƙe da katinta tun yana da lafiya.

A 2003 kuma Zamfara ta shiga sahun jihohin da suka dakatar da allurar rigakafin shan inna, tare da Kano da Kaduna, bisa zargin cewa an gurɓata ta da abin da ke hana haihuwa. Abin da ya faru a Kano a 1996 ya ƙara wa zargin ƙarfi. Kano ce ta ƙarshe da ta janye, a watan Yulin 2004, amma kafin nan cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita. Sai a watan Agustan 2020 aka tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Dakatarwar ta ɗauki watanni, gyaran ɓarnarta ya ci shekara goma sha shida.

Shirin NHIS kuwa bai fara aiki ba sai a watan Yunin 2005, zamanin Obasanjo. Tsarinsa na ma'aikatan gwamnatin tarayya ne da manyan kamfanoni: mai ɗaukar aiki ya zuba kashi 10 cikin ɗari na tushen albashi, ma'aikaci kashi 5, a kula da shi da matarsa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Dokar ba ta tilasta wa kowa ba, jihohi kuma ba su yi rububin shiga ba. Manomin Bakura da ba shi da albashi, kuma mai yiwuwa iyalinsa sun ninka wancan lissafi, ba ya cikin hoton tun daga tushe.

Dalma da sanƙarau

A watan Maris na 2010, zamanin Shinkafi, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke bin diddigin sanƙarau suka lura cewa yara na mutuwa da yawa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kuma maganin zazzaɓi da na sanƙarau ba ya yi musu aiki. Gwaji ya nuna gubar dalma ce, daga duwatsun zinare da ake dakawa da niƙawa a cikin gidaje. Yara kimanin 400 suka mutu, dubbai suka buƙaci magani. Anka da Bukkuyum suna cikin mazaɓar sanata ɗaya da Talata Mafara da Bakura da Maradun da Gummi, wato Zamfara ta Yamma, wadda Yariman Bakura ya wakilta daga 2007 zuwa 2019. Garin Bagega, inda gubar ta fi yawa, ya jira har farkon 2013 kafin gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗin kwashe gurɓatacciyar ƙasa, bayan matsin lamba daga matasa masu fafutika da ƙungiyoyin kare haƙƙi. Abin lura shi ne, baƙi ne suka gano mutuwar, ba rajistar wani ɗakin shan magani na ƙaramar hukuma ba.

Shekara bakwai bayan haka sanƙarau ya dawo. Ya fara ɓulla a ƙarshen 2016 a arewacin jihar, ya yi ƙamari a bazarar 2017. Allurar da aka yi wa jama'ar Arewa tun daga 2011 tana kare mutum ne daga nau'in A, wannan karon kuwa nau'in C ne, wanda rigakafinsa ya yi ƙaranci a duniya baki ɗaya. An ɗauki watanni kafin a tabbatar da nau'in cutar a nemi agaji, allurai kimanin 500,000 na farko kuma ba a fara yi wa jama'a su ba sai a watan Afrilu. Zuwa watan Yuni an ƙirga mutum fiye da 14,000 da ake zaton sun kamu a faɗin ƙasa, fiye da 1,100 suka rasu, kusan rabinsu a Zamfara.

A farkon watan Afrilun ne Gwamna Yari, wanda a lokacin shi ne shugaban ƙungiyar gwamnonin Nijeriya, ya gaya wa manema labarai a fadar shugaban ƙasa cewa annobar horo ce daga Allah saboda saɓon da mutane ke yi. Sarkin Kano na lokacin, Muhammadu Sanusi II, ya mayar masa da martani a wani taron zuba jari a Kaduna, cewa aikin gwamna shi ne ya nemo allura. Muhawarar ta ɗauki zafi, amma a ilimin da wannan yanki ya gada ba sabuwa ba ce. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magani, malaman Daular Usmaniyya kuma ba su taɓa ɗaukar imani da ƙaddara a matsayin uzurin barin neman sababi ba. Hayaniyar ta rufe tambayoyin da suka fi muhimmanci, wato dalilin da ya sa rahoto bai iso daga ƙauye da wuri ba, da dalilin rashin ɗakin gwaji a kusa, da kuma wanda ya biya kuɗin jinyar waɗanda suka rayu da kurumta ko wata nakasa.

Doka a Abuja, rikici a kan kujera

A 2014 Shugaba Jonathan ya sanya hannu a kan Dokar Lafiya ta Ƙasa. Sashe na 11 ya kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda za a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Rabin kuɗin zai bi ta hukumar inshora domin saya wa talaka kulawa ta tilas, kashi 45 ya bi ta hukumar lafiya a matakin farko domin magunguna da gyaran gine-gine da ma'aikata, kashi 5 kuma na agajin gaggawa ne. Dokar ta zauna a takarda har sai kasafin 2018, inda aka ware kimanin naira biliyan 55. Idan aka raba wannan kuɗi ga al'ummar ƙasar, kowa bai kai naira 300 a shekara ba. Duk da haka an tsara kuɗin ya tafi kai tsaye zuwa asusun ƙaramin asibitin gunduma.

Akwai sharaɗi. Kafin jiha ta ci moriyar asusun sai ta kafa hukumar lafiya a matakin farko, ta kafa hukumar inshora ta kanta, ta kuma zuba nata kason. Wannan sharaɗi ne, fiye da kowane jawabin yaƙin neman zaɓe, ya sa jihohi suka shiga kafa hukumomin. A Arewa an kauce wa kalmar inshora saboda saɓanin malamai game da halaccinta, aka kira tsarin taimakekeniya, inda kowa ke zuba gudummawa domin a agaza wa wanda ciwo ya sama. Kano ta yi dokarta a 2016. Ta Zamfara, wadda ake kira ZAMCHEMA, a zamanin Matawalle ta fara aiki.

A daidai shekarun da ake buƙatar hukumar ƙasa ta jagoranci jihohi, ita kanta tana cikin ruɗani. An naɗa Farfesa Usman Yusuf shugabanta a 2016, ya shiga takun-saƙa da kamfanonin da ke tsakanin hukumar da asibitoci, yana zarginsu da riƙe kuɗin jama'a. Ministan lafiya Isaac Adewole ya dakatar da shi a watan Yulin 2017 bisa wasu zarge-zarge, fadar shugaban ƙasa ta mayar da shi a watan Fabrairun 2018, majalisar gudanarwar hukumar ta sake dakatar da shi a watan Oktoba, sannan aka sallame shi a watan Yulin 2019 aka naɗa Farfesa Mohammed Nasir Sambo. Kowane ɓangare yana da hujjojinsa. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne binciken lafiyar al'umma na 2018 ya nuna kimanin kashi 3 cikin ɗari ne kawai na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 ke da inshorar lafiya, kuma fiye da kashi 70 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar daga aljihun majinyata yake fitowa. A Zamfara, inda hukumar ƙididdiga ta ce kusan kashi 74 na jama'a na cikin talauci a 2019, wannan na nufin sayar da akuya ko buhun gero kafin a kai mai naƙuda asibiti.

Zaɓen da kotu ta juya

Mulki ya tashi daga Talata Mafara zuwa Maradun ta hanyar da ba wanda ya tsara. A 2018 jam'iyyar APC a Zamfara ta dare gida biyu, tsakanin ɓangaren Gwamna Yari da na masu adawa da ɗan takararsa, waɗanda Sanata Kabiru Marafa ya fi fice a cikinsu. Wa'adin zaɓen fid da gwani ya wuce ba a cimma matsaya ba, hukumar zaɓe ta INEC ta ce jam'iyyar ba ta da 'yan takara. Wata kotu a Gusau ta ce an yi zaɓen, wata a Abuja ta ce ba a yi ba. A ƙarshe aka sa sunayensu, Mukhtar Shehu Idris ya samu ƙuri'a 534,541, Matawalle na PDP ya samu 189,452.

Ranar 24 ga Mayu, 2019, kwana biyar kafin rantsuwa, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa APC ba ta yi sahihin zaɓen fid da gwani ba, don haka duk ƙuri'un da aka jefa mata sun tafi a banza. Kujerar gwamna, da ta sanatoci uku, da ta 'yan majalisar wakilai bakwai, da kujeru 24 na majalisar jiha, duk suka kuɓuce wa jam'iyyar a rana ɗaya. Yari kansa ya rasa kujerar sanatan da aka ce ya ci. Matawalle, wanda ya yi kwamishina a gwamnatin Yarima ya kuma wakilci Bakura da Maradun a majalisar wakilai daga 2003 zuwa 2015, ya zama gwamna.

Gwamnan da ya hau da ƙuri'ar tsiraru yana da aiki na farko da ya sha gaban kowane aiki, shi ne gina wa kansa jama'a. Hanyar da siyasar Nijeriya ta sani ita ce muƙami: kwamishinoni, masu ba da shawara, mataimaka na musamman, shugabannin hukumomi. Hanya ta biyu ita ce aikin da ido ke gani, kamar alkawarin da gwamnatin ta yi na samar da cibiyar lafiya a kowace ɗaya daga gundumomi 147 na jihar. Gini abu ne mai kyau, amma ba ya karɓar haihuwa da kansa. Albashin ungozoma, da firjin ajiye allura, da rajistar talakawan da za a biya wa magani, abubuwa ne da ba a yanka musu zare a gaban 'yan jarida, kuma amfaninsu ba ya bayyana sai bayan shekaru, wataƙila a zamanin wani gwamna.

Korona da abin da ya biyo baya

Wata tara bayan rantsuwar, ranar 27 ga Fabrairu, 2020, aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Legas. A lokacin ɗakunan gwaji biyar ne a ƙasar, babu ko ɗaya a arewa maso yamma. Cutar ta kashe shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, Abba Kyari, ranar 17 ga Afrilu. A Kano aka yi ta binne dattawa, daga baya ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce an ƙirga mace-mace 979, kuma rabi ko fiye suna da alaƙa da cutar. A ƙarshen Afrilu ta ɓulla a Zamfara, a farkon Mayu kuma Sarkin Ƙaura Namoda ya rasu a Gusau yana jiran sakamakon gwaji. Alƙaluman hukuma sun sa Zamfara cikin jihohin da suka fi ƙarancin masu cutar, amma inda gwaji ya yi kaɗan, alƙaluma ma kaɗan suke zuwa.

Ga talakan yammacin Zamfara, ciwon korona ya fi zuwa ta kasuwa: hana zirga-zirga tsakanin jihohi, faɗuwar cinikin kayan gona, tsadar magani, da tsoron zuwa asibiti. Kuɗi da kayan tallafi sun shigo, amma rabonsu ya dogara da jerin sunaye, kuma a mafi yawan jihohi babu sahihin jeri sai wanda 'yan siyasa suka rubuta. Rajistar da ake buƙata domin raba shinkafa a lokacin kulle ita ce dai wadda ake buƙata domin shigar da gajiyayyu inshora.

Ranar 2 ga Maris, 2021, jirgi ya sauka a Abuja da allurar korona kusan miliyan 4, kashin farko da ƙasar ta samu. A ranar ce kuma aka sako 'yan mata 279 na makarantar Jangebe da ke ƙaramar hukumar Talata Mafara, waɗanda 'yan bindiga suka sace ranar 26 ga Fabrairu. A watan Agusta aka kai hari kwalejin aikin gona ta Bakura, ranar 1 ga Satumba aka kwashe ɗalibai fiye da 70 a makarantar Kaya da ke Maradun. Cikin wata bakwai, kowace daga ƙananan hukumomin gwamnonin uku ta ga an shiga makarantarta. A daidai wannan lokaci aka katse layukan waya a faɗin jihar, aka rufe kasuwannin mako, aka taƙaita sayar da mai.

A daminar shekarar kwalara ta ɓarke. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta ƙasa ta ƙirga fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu a 2021, fiye da 3,500 suka mutu, Zamfara na cikin jihohi huɗu da suka fi shan wahala. Wato a shekara ɗaya amai da gudawa ya kashe mutanen da suka haura duk waɗanda aka rubuta cewa korona ta kashe a Nijeriya. A tsakiyar shekarar ne gwamnan ya rushe majalisar zartarwarsa, ranar 29 ga Yuni kuma ya sauya sheƙa zuwa APC. Mataimakinsa Mahdi Aliyu Gusau ya ƙi bin sa, majalisa ta tsige shi a watan Fabrairun 2022. Shekarar da jihar ta fi buƙatar tsayayyen shugabanci a ma'aikatun lafiya da ruwa ita ce shekarar da hankalin manya ya tafi kan rabon jam'iyya tsakanin Maradun da Talata Mafara.

Bayan 2023

A watan Mayun 2022 Shugaba Buhari ya sanya hannu a kan sabuwar doka wadda ta maye gurbin ta 1999, ta mayar da NHIS zuwa NHIA, ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa, ta kuma tanadi asusun gajiyayyu da aka ce zai kula da mutum miliyan 83. Wajabtawa a takarda ba ta samar da kuɗi. A jihar da ma'aikatan gwamnati 'yan kaɗan ne cikin jama'a, kuma ta daɗe ba ta aiwatar da mafi ƙarancin albashi na naira 30,000 da aka amince da shi a 2019 ba, abin da za a cira daga albashi ba zai ɗauki nauyin manoma da makiyaya da 'yan gudun hijira ba. Dole gwamnati ta biya musu daga kasafinta, kowace shekara, ba tare da fashi ba.

A zaɓen Maris na 2023 Dauda Lawal na PDP, ɗan Gusau, ya kayar da Matawalle da ƙuri'a 377,726 a kan 311,976. Mulkin jiha ya bar yamma, amma manyanta ba su bar fage ba. Yari ya ci kujerar sanata, ya nemi shugabancin majalisar dattawa, Godswill Akpabio ya kayar da shi da ƙuri'a 63 a kan 46. Matawalle ya zama ƙaramin ministan tsaro a watan Agusta. A farkon 2024 sabon gwamnan ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya, wanda hakan shaida ce daga bakin hukuma game da halin da shekara 24 suka bar asibitocin jihar. A asibitin Talata Mafara, garin da ke da jami'ar jiha da kwalejin fasaha ta Abdu Gusau, ƙungiyar MSF ta shigo tana taimakawa wajen jinyar yara masu tamowa, 'yan kilomitoci daga gonakin Bakolori.

Ba adalci ba ne a ɗora wa mutum uku laifin komai. Talauci ya girme su, rikicin 'yan bindiga ya fi ƙarfin jiha ɗaya, likitoci na barin ƙasar baki ɗaya, kuma kowannensu ya bar ayyukan da magoya bayansa za su nuna. Amma tarihin ya nuna cewa samun ɗan gari a gidan gwamnati yana kawo titi da gini da muƙami ga wasu, ba ya kawo tsarin da zai ci gaba da aiki bayan ya sauka. Tsari irin wannan yana buƙatar shugaban hukuma da aka naɗa bisa cancanta, mai wa'adin da sauya sheƙar gwamna ba ta shafa, da kuɗin da doka ta hana a karkatar, da rahoton da kowa zai iya karantawa.

Yayin da 2027 ke ƙaratowa, 'yan takara za su sake zagaya Mafara da Bakura da Maradun da jerin gine-ginen da suka yi ko za su yi. Akwai tambayoyi huɗu da lauya ko likita ko malamin makaranta ɗan yankin zai iya gabatar musu, kuma duk amsoshinsu alƙaluma ne. Mutum nawa ne a kowace gunduma ke riƙe da katin ZAMCHEMA da asibiti ke karɓa? Nawa jiha ta saki, ba nawa ta rubuta a kasafi ba, a matsayin kasonta na asusun lafiya? Cibiyoyi nawa cikin 147 ke da ungozoma da ke kwana a wurin? Kuma kwana nawa ake ɗauka daga ranar da yaro ya sanƙare a ƙauyen Maradun zuwa ranar da sakamakon gwajinsa ya isa teburin kwamishina? A 2017 amsar tambaya ta ƙarshe watanni ce, kuma mutum fiye da 500 ne suka biya farashinta a Zamfara.